Ajiyar Kabon a Dajin Allah da Dajin Dashe: Lacca kan Itatuwan Zabarmari da Kewayen Maiduguri

Kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne. Idan aka sare dogon yaro, aka bar shi ya bushe ƙayau, aka ɗora shi a sikeli ya ba da kilo 500, to kimanin kilo 235 daga ciki kabon ne, wato sinadarin nan baƙi da yake saura idan an toya gawayi. Bishiya ba daga ƙasa take tsotso shi ba, daga iska take samunsa. Ganye yana da 'yan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan yake zuƙar iskar kabon dayoksaid, ya haɗa ta da ruwan da saiwa ta jawo, hasken rana ya yi aikinsa, sai a sami sukari, a saki iskar oksijin. Da wannan sukari bishiya take gina gangar jikinta da rassa da saiwa da 'ya'ya. Kowane kilo ɗaya na kabon da ya zama itace ya raba sararin sama da kilo 3.67 na kabon dayoksaid. Ke nan wancan dogon yaro ya riƙe kusan kilo 860 na wannan iska, kuma ranar da aka ƙone shi a murhu, ko gara ta cinye shi, duk za ta koma inda ta fito.

Dalilin da ya sa duniya ta damu da wannan lissafi shi ne kabon dayoksaid tana tare zafi a sararin sama. Kafin zamanin masana'antu yawanta a iska kashi 280 ne cikin miliyan, yau ya wuce 420. Mafi yawan ƙarin ya zo ne daga ƙona kwal da man fetur da gas, amma saran daji ma yana da nasa kaso. Ƙididdigar Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2020 ta nuna dazuzzukan duniya sun kai hekta biliyan 4.06, suna riƙe da kabon kusan tan biliyan 662. Kashi 93 cikin ɗari na wannan fili dajin Allah ne, wanda ya fito da kansa ko ya sake tofowa da kansa. Kashi 7 ne kawai ɗan'adam ya dasa. Afirka ce nahiyar da ta fi kowace asarar daji tsakanin 2010 da 2020, kimanin hekta miliyan 3.9 a kowace shekara.

Inda kabon yake kwanciya

Masana sun kasa ajiyar kabon ta daji gida biyar: abin da yake tsaye a bisa ƙasa, saiwoyi, mataccen itace, busasshen ganye da ƙirare da suka zube, sai ruɓaɓɓen abin da ya riga ya gauraya da ƙasa. Wani nazari da Yude Pan da abokan aikinta suka buga a mujallar Science a 2011 ya gano cewa a dazuzzukan duniya gaba ɗaya kashi 44 cikin ɗari na kabon a cikin ƙasa yake, zuwa zurfin mita ɗaya, kashi 42 a jikin itatuwa masu rai, kashi 8 a matattun itatuwa, kashi 5 a ganyen da ya zube. Wanda ya tsaya ya kalli daji, ƙasa da rabin ajiyar yake gani.

A ƙasar Borno wannan rabo yana sauya kama. Gida na uku da na huɗu kusan babu komai a cikinsu, domin reshe ba ya daɗewa a ƙasa: ko mai neman icen girki ya tsince shi, ko gara ta cinye, ko wutar daji ta lashe, ganye kuwa rabon awaki ne. Saiwa kuma tana da kaso mafi girma fiye da na dajin kurmi, saboda bishiyar da take jure wata takwas ba ɗigon ruwa dole ta zuba jarinta a ƙarƙashin ƙasa. Gawo da aduwa suna iya tura saiwa mita da yawa har su tarar da ruwa. Sabara da kalgo, waɗanda a sama ba su wuce ƙugun mutum ba bayan sassabe, a ƙasa suna zaune a kan kututture da saiwa masu shekaru da dama.

Ita kanta ƙasar iri biyu ce a wannan yanki. Jigawa, wato rairayin tudu inda ake gero da wake da gyaɗa, ba ta riƙe kabon. Sau da yawa bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinta ba, domin zafi yana hanzarta ruɓewa, yashi kuma ba shi da abin da zai kama ruɓaɓɓen ganye da shi. Laka ta fi ta riƙo nesa ba kusa ba, ko firgin da ake noman masakwa a kai wajen Dikwa da Ngala, ko lakar fadamar Jere inda kogin Ngadda yake bazuwa bayan ya ratsa Maiduguri, wadda a kanta arzikin shinkafar Zabarmari yake. Ƙwayar laka tana manne wa ruɓaɓɓen abu ta kare shi, ruwa kuma idan ya kwanta yana rage saurin ruɓewa. Sai dai akwai abin lura a nan: gonar shinkafa mai kwance da ruwa tana fitar da wata iska, metan, wadda a tsawon shekara ɗari ta ninka kabon dayoksaid kusan sau 27 wajen tare zafi. Duk wanda zai yi lissafin fadama da gaskiya sai ya saka wannan a ciki.

Shigowa, ajiya da daɗewa

Abu uku ake yawan cakuɗawa idan ana maganar daji da kabon: yawan abin da yake shiga a shekara, yawan abin da yake ajiye a yanzu, da tsawon lokacin da zai yi kafin ya fita. Lamarin kamar rumbu ne. Magidancin da yake zuba dami hamsin kowace kaka amma ya kwashe su kaf kafin bazara, rumbunsa ya fi karɓa. Wanda yake zuba dami goma a kan tsohon hatsin da bai taɓa ba, rumbunsa ya fi ciki. Sararin sama kuwa da abin da ya zauna a ciki yake amfana.

Sabon daji, na dashe ne ko mai tofowa, yakan fara a hankali, ya zabura a tsakiyar ƙuruciyarsa, sannan saurin ya ragu idan itatuwa suka fara takura wa juna a kan ruwa da haske. Lourens Poorter da abokan aikinsa sun auna dazuzzukan da suka sake tofowa a Latin Amurka, suka buga sakamakon a mujallar Nature a 2016: a shekaru 20 na farko hekta ɗaya tana ɗaukar kabon kimanin tan 3 a shekara, ninki 11 na abin da tsohon kurmi yake ɗauka, amma sai an yi kusan shekara 66 kafin ajiyar ta kai kashi 90 cikin ɗari na ta tsohon kurmin. Saurin ɗauka na yaro ne, yawan ajiya na babba.

An daɗe ana ɗauka cewa tsohuwar bishiya ta gama aikinta, gara a sare ta a dasa sabuwa. Bincike bai goyi bayan haka ba. Nathan Stephenson da tawagarsa sun duba nau'in itatuwa 403 daga nahiyoyi daban-daban, suka nuna a 2014 cewa a mafi yawansu, gwargwadon girman bishiya gwargwadon nauyin da take ƙarawa a shekara, domin ganyenta ya fi yawa. Tsamiya guda mai shekara ɗari a bakin kasuwa tana iya ɗauke da abin da ɗaruruwan dashe 'yan shekara biyu ba su tara ba, kuma ba ta daina ƙarawa ba.

Dajin dashe na kasuwanci yana da wata matsala ta daban: don a sare shi aka dasa shi. A ce gandun itacen turare yana kaiwa tan 20 na kabon a hekta a shekara ta goma, sai a sare shi a sake dasawa. Idan aka ɗauki matsakaicin abin da filin yake riƙe da shi a tsawon wannan zagaye, bai wuce tan 10 ba, wataƙila ma bai kai ba. Abin da aka sare kuma, in azara ce ko ƙyauren ƙofa, zai riƙe kabon ɗinsa shekaru. In icen girki ne, kwana kaɗan. A kan wannan ne Simon Lewis da Charlotte Wheeler da abokansu suka yi lissafi a 2019 game da alƙawarin Bon, wanda aka ƙulla a Jamus a 2011, daga baya aka sa masa burin farfaɗo da hekta miliyan 350 kafin 2030. Sun tarar cewa kashi 45 cikin ɗari na filin da ƙasashe suka bayyana shirinsu a kai gandun itace iri ɗaya za a dasa, kashi 21 noma tare da itatuwa, kashi 34 ne kawai za a bari ya koma dajin Allah. Suka ƙiyasta cewa da duka filin za a bar wa dajin Allah, zai tara kabon tan biliyan 42 kafin shekarar 2100. Da duka gandun kasuwanci ne, tan biliyan 1.

Wannan rata ta ninki arba'in ta yi suna, ana ta maimaita ta a taruka, amma akasarin ƙasashen da aka yi lissafin a kansu masu ruwan sama ne sosai. Ba daidai ba ne a ɗauko ta a ɗora wa Jere. Ma'aunin da ya dace da nan ya fito ne daga hotunan tauraron ɗan'adam. A 2020 Martin Brandt da abokan aikinsa suka ƙirga itatuwa ɗaya bayan ɗaya, sama da biliyan 1.8, a yammacin Sahara da Sahel, inda taswirori da dama suke nuna fili fetal. A 2023 Compton Tucker na hukumar NASA da tawagarsa suka faɗaɗa aikin daga Tekun Atlantika zuwa Bahar Maliya: itatuwa biliyan 9.9, ɗauke da kabon tan miliyan 840. Inda ruwan shekara yake tsakanin milimita 150 da 300, matsakaicin hekta bai wuce rabin tan da ɗan ɗoriya ba. Inda yake tsakanin 600 da 1,000, tan 3.7. Maiduguri tana samun kimanin milimita 600 a shekara, daga Yuni zuwa Satumba, saboda haka matsakaicin hektar wannan yanki 'yan tan kaɗan ne, alhali hektar kurmin Kuros Riba ta wuce tan 100. Ƙarfin Sahel a faɗinta yake, kuma mafi yawan itatuwanta a warwatse suke cikin gonaki da makiyaya da garuruwa.

Dajin Allah a kewayen Jere

Dajin asali na wannan yanki na ƙaya ne da itatuwa jefi-jefi a cikin ciyawa. A tudu akwai aduwa, magarya, kurna, dakwara, gawo, kuka, tsamiya, sabara da kalgo. A laka akwai dushe da bagaruwa, a bakin ruwa kuma giyayya da kanya, waɗanda suke jure ambaliya. Kudu da Maiduguri, a dajin Sambisa inda Ngadda da Yedzaram suke ratsawa, itatuwa sun fi kauri, ana samun marke da ƙirya da maɗaci. Wannan gauraye shi ne kariyar ajiyar. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1985 sun kashe itatuwa masu yawa a faɗin Sahel, amma ba su kashe kowane iri ba. Aduwa da magarya sun tsaya inda wasu suka faɗi.

Girman bishiya a ido ba shi ne nauyin kabon ɗinta ba. Kuka, duk kaurinta, jikinta taushi ne cike da ruwa, idan ta bushe nauyinta kaɗan ne. Ƙirya ba ta kai ta kauri ba, amma itacenta ya ninka na kuka nauyi sau uku ko fiye, abin da ya sa maƙera da masu sassaƙa turmi suka fi son ta, kuma abin da ya sa masu toya gawayi suke fara kai mata gatari. Itatuwan da suka fi riƙe kabon su ne kasuwa ta fi nema.

Tun daga 2009 rikicin Boko Haram ya sake fasalin dajin Borno ta hanyar da babu wani shirin gwamnati da ya taɓa yi. Dubban ɗaruruwan mutane sun baro ƙauyukansu sun taru a Maiduguri da Jere da manyan garuruwan da sojoji suke gadi. Kowane gida yana buƙatar wuta sau biyu ko uku a rana, kuma ga wanda ya rasa gona da dabba, sayar da itace ita ce sana'ar da ba ta neman jari. Sai kewayen gari ya zama ƙwal, har kututture ana tonewa, wanda shi ne mafi muni, domin tone kututture yana kashe abin da zai tofo gobe. Can nesa kuwa, inda ba mai iya zuwa, gonakin da aka gudu aka bari sun koma saura, sabara da kalgo da ƙaya suka rufe su. Iyakar da ke tsakanin wuraren biyu da rayuka ake gane ta. Ranar 28 ga Nuwamba 2020 aka kashe manoman shinkafa a Koshebe, washegari aka yi jana'izar 43 daga cikinsu a Zabarmari. A farkon 2024 aka sace 'yan gudun hijira masu yawa, akasarinsu mata da yara, da suka fita neman itace a Ngala. A takarda, saurar da ta tofo a gonakin da aka bari ƙarin kabon ce; babu mai hankalin da zai kira ta riba. Kuma ba mai ɗorewa ba ce, domin masu gonaki suna komawa, kuma haƙƙinsu ne su koma. Abin da zai yanke makomar wannan kabon shi ne irin sassaben da za su yi.

Gawayi ya fi icen girki ɓarna. A ramin toyi na gargajiya, kilo biyar zuwa goma na itace ne yake ba da kilo ɗaya na gawayi. Sauran ya tafi a hayaƙi tun kafin buhu ya iso kasuwa. Cire tallafin man fetur a Mayun 2023 da tsadar gas da kananzir sun mayar da gidaje da dama kan gawayi. A Zabarmari akwai ƙarin wata buƙata, ta turara shinkafa kafin a kai ta inji, wadda take cin itace ba kaɗan ba, alhali ɓuntun shinkafar da yake taruwa a bayan injina makamashi ne idan an sami murhun da ya dace da shi.

Abin da aka dasa

Dogon yaro, wanda wasu suke kira darbejiya ko maina, ɗan asalin Indiya ne da ƙasar Bama. A ƙarshen shekarun 1920 Turawan mulki suka kawo shi lardin Borno, ya karɓi ƙasar, har ya zama alamar Maiduguri. Layukansa da suka yi wa titunan birnin rumfa dashe ne, amma ba irin na gandun kasuwanci ba: ba a taɓa yi musu saran ƙarƙaf ba, sai dai a rage rassa su sake tofowa, kuma wasu sun haura shekara sittin a tsaye. Ta fuskar daɗewar ajiya sun fi kama da tsohon daji. Wannan ya nuna cewa asalin bishiya, ko hannu ne ya dasa ta ko tsuntsu ne ya yar da irinta, bai kai tsawon zamanta muhimmanci ba.

Raunin dashe iri ɗaya ya bayyana a kan shi dogon yaron. A shekarun 1980 wani ƙwaro mai manne wa ganye ya addabe shi a ƙasashen Tafkin Chadi, a farkon shekarun 1990 kuma aka ga yana zubar da ganye yana bushewa daga sama a Nijar da arewacin Najeriya. Ya farfaɗo daga baya, amma an ga yadda cuta guda take iya taɓa ajiyar yanki baki ɗaya idan iri ɗaya aka dogara da shi.

Turare, ɗan Ostireliya, shi aka fi dasawa a shingayen tare iska na Kano da Jigawa tun shekarun 1970. Yana da saurin girma, yana ba da azara miƙaƙƙiya, amma saiwarsa tana shiga gonar maƙwabci ta shanye danshi, ganyensa kuma ba ya saurin zama taki. A kwarin Majiya na jihar Tawa a Nijar, inda ƙungiyar CARE ta fara dasa layukan dogon yaro a 1975, an sami ƙarin amfanin gero a bayan shingen, aka kuma tsara yadda jama'a za su riƙa rage rassa ba tare da kashe bishiyar ba. Dakwara tana da wata falala ta daban ga Borno da Yobe: kuɗinta a ƙaro yake, ƙaro kuma sai tana raye take ba da shi, saboda haka mai ita ba shi da dalilin sare ta. Tana kuma ƙara wa ƙasa taki ta saiwarta, kamar wake.

Tasirin dashe a kan kabon ɗin cikin ƙasa ya danganta da abin da ya tarar a filin. Guo da Gifford sun tattara sakamakon bincike da dama a 2002, suka samu cewa mayar da dajin Allah gona yana rage kabon ɗin ƙasa da kimanin kashi 42 cikin ɗari, mayar da shi gandun dashe yana rage kashi 13. Gonar da ta gaji kuwa, idan aka dasa mata itatuwa tana ƙara kashi 18, idan aka bar ta ta koma daji da kanta tana ƙara kashi 53. Share dajin ƙaya da katafila domin a jera dashe a layi, ko da an yi bikin ƙaddamarwa, asara ce. Haka nan cusa itatuwa a makiyayar da asalinta ciyawa ce, abin da Catherine Parr da abokan aikinta suka yi kashedi a kai a mujallar Science a 2024, domin ciyawar tana da tata ajiyar a saiwa, makiyayi kuma yana da nasa haƙƙin.

Babbar matsalar dashe a Sahel ita ce rayuwa. Ana raba dashe a makare, wani lokaci a ƙarshen Agusta, ruwa ya ɗauke kafin saiwa ta kama, rani ya zo da akuya da gara. Rahotanni sukan faɗi adadin da aka dasa, ba safai suke faɗin adadin da ya kai shekara uku ba. Shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, yana da burin farfaɗo da hekta miliyan 100 da kama kabon tan miliyan 250 kafin 2030; Borno tana cikin jihohi 11 da yake ratsawa a Najeriya, kuma an kafa masa hukuma ta ƙasa da doka a 2015. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna hekta miliyan 4 kacal aka gyara a cikin ainihin zirin. Shirin da kansa ya bar tunanin katanga guda ta itatuwa, ya koma ga gyaran gonaki da makiyaya.

Sassaben zamani

Abin da ya fi kowane shirin dashe nasara a ƙasar Hausa ba a dasa komai a cikinsa ba. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya mai aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, bayan shekaru yana ganin dashensa yana mutuwa, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma suke sassabewa kowace bazara tofon kututturan tsofaffin itatuwa ne masu rai. Maimakon a share su duka, sai a zaɓi reshe ɗaya zuwa biyar masu ƙarfi a kowane kututture, a datse sauran, a kare su. Da yake saiwar ta riga ta kai ga ruwa, tofon yana girma da saurin da dashen leda ba ya yi. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga manoma. Abin da ya sauya shi ne yunwar 1984 ta sa aka gwada ta a fili mai faɗi, sannan aka sassauta dokar da ta mayar da kowace bishiya mallakar gwamnati, wadda a da take sa manomi ya kashe tsiro tun yana ƙarami don kada ma'aikacin gandun daji ya ci shi tara. Binciken Chris Reij da Gray Tappan da masana 'yan Nijar ya nuna cewa a cikin kusan shekara ashirin an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram, da itatuwa kusan miliyan 200. A ƙauyuka irin su Ɗan Saga, kusa da Agye, kwamitocin gari ne suke tsaron itatuwan, har da wakilan mata da na makiyaya.

Gawo ne ginshiƙin wannan tsari a wurare da yawa, saboda yana zubar da ganye da damina ya fitar da rani, ba ya yi wa gero inuwa, ganyensa taki ne, 'ya'yansa abincin dabbobi. Irin wannan gona tana ba da icen girki daga datsar rassa kowace shekara, gangar jiki da saiwa kuma suna nan suna ƙara nauyi. Saurar da ta tofo a gonakin Jere da Mafa da Konduga a shekarun gudun hijira ita ce ainihin abin da wannan dabara take buƙata, kuma tana nan kyauta.

Ba ko'ina za ta yi ba. Manomin shinkafa ba ya son bishiya a tsakiyar fadama, saboda inuwa da kuma tsuntsun jan baki da yake samun wurin sauka, kuma yana da gaskiya. Wurin itatuwa a Zabarmari shi ne gonakin tudu, iyakokin gonaki, burtali, maƙabarta, harabar makarantu da masallatai, da gaɓar kogi, inda giyayya da kanya da bagaruwa suke riƙe ƙasa. Ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar Alau ranar 10 ga Satumba 2024 ta nuna irin ƙasar da ruwa yake iya kwashewa a dare ɗaya, kuma ƙasar sama da ruwa yake ɗauka ita ce mafi yawan kabon. Gandun dashe ma yana da gurbinsa: 'yan hektoci na itace mai saurin girma kusa da gari, a filin da ya riga ya mutu, waɗanda aka dasa musamman don murhu da tukunyar turara shinkafa. Ajiyarsu ba za ta yi yawa ba. Amfaninsu shi ne su ɗauke gatari daga kan ƙirya da tsamiya.

Awo da kuɗi

Auna kabon ba ya buƙatar sare bishiya. Ana zagaya gangar jiki da tef a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, a auna tsawo, a san nau'in itacen da nauyinsa, sai a saka a lissafin da masana suka fitar daga itatuwan da aka taɓa sarewa aka auna. Ana ƙara kason saiwa, a ninka da 0.47. Ƙasa kuwa ana ɗibar samfurinta, galibi zuwa zurfin santimita 30, a kai ɗakin gwaji irin na Jami'ar Maiduguri ko Cibiyar Binciken Tafkin Chadi. Awo ɗaya yana nuna ajiya ne kawai. Sai an koma fili guda bayan shekara biyar ko makamancin haka ake sanin ko tana ƙaruwa. Canjin cikin ƙasa ya fi jinkiri, yakan ɗauki shekara goma kafin ya fito sarai a gwaji.

Najeriya ta yi alƙawari a taron Gilasgo na 2021 cewa kafin 2060 za ta daidaita abin da take fitarwa da abin da take kamawa, ta kuma kafa dokar sauyin yanayi a wannan shekarar, saboda haka maganar sayar da kabon ta fara isowa ƙauyuka. An taɓa yin irin wannan ciniki a kan dajin da ya tofo da kansa: a Humbo ta Habasha, jama'a sun farfaɗo da kimanin hekta 2,700 da dabarar Maraɗi, Bankin Duniya ya sayi kabon ɗin. Masu saye suna da sharuɗɗa uku: a nuna cewa ba don shirin ba da kabon ɗin bai taru ba, a ba da tabbacin zai zauna shekaru da dama, a kuma nuna cewa saran da aka hana a nan bai koma dajin maƙwabta ba. Na ukun ya fi wuya a kusa da birni mai yawan murhu kamar Maiduguri.

Kuɗin ma ba shi da yawa a ƙasa mai ƙarancin ruwa. A ce hekta tana ƙara rabin tan na kabon a shekara, wato kusan tan 1.8 na kabon dayoksaid, a ce kuma ana sayen tan a dala 10: dala 18 ke nan a shekara, kafin a cire ladan masu awo da dillalai. Itace da 'ya'yan gawo da ƙaro da ƙarin geron da hektar za ta bayar sun fi wannan daraja. Akwai kuma tambayar wanda zai sa hannu a yarjejeniyar shekara ashirin ko talatin. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna, a ƙauye kuma bulama da lawani ne suka san iyakar kowa, yayin da da yawa daga masu noma a Jere aro ko haya ko jingina suke riƙe da gonakin, wasunsu 'yan gudun hijira, wasu 'yan ci-rani daga Sakkwato da Kabi da Zamfara. Mai gonar aro ta damina ɗaya ba ya barin tsiro, domin ba shi zai sha inuwarsa ba, mai gonar ma sau da yawa ba ya son a bari, don kada bishiyar ta zama hujjar mallaka a gaban alƙali.